Ina A Ke Samun Kwanciyar Rai?

Tun da gari ya waye yau, mutum nawa suka gaishe ka? Maƙwabcinka ya ce, "Ina kwana?" ka ce, "Lafiya lau." Ya ce, "Ina gajiya?" ka ce, "Ba gajiya." Ya ce, "Ina gida?" ka ce, "Lafiya." Ya ce, "Ina aiki?" ka ce, "Aiki da godiya." Ya ce, "Ina labari?" ka ce, "Sai alheri." Kuka rabu, kowa ya kama gabansa. Amma watakila daren jiya ba ka runtsa ba, kana ta juyi a kan shimfiɗa kana lissafin bashi, ko kana tuna wata magana da aka yaɓa maka ta tsaya maka a rai. Baki ya ce lafiya, zuciya kuwa ta san abin da ta ke ciki.

Ba mutumin da ba ya son farin ciki. Dominsa manomi ya ke sammako, dominsa saurayi ya kan bar gonar ubansa ya tafi birni, wani ma ya sai da rai ya ratsa hamada. Tun da ya ke mutum ya kan ba da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duka garin neman abin nan, ya kamata mu zauna mu bincika inda ya ke, don kada mu ƙare kwanakinmu muna haƙa inda babu ruwa.

A ganina, kakanninmu sun ajiye mana amsar a cikin gaisuwar nan da mu ke yi kowace safiya ba tare da tunani ba. Ka lura, ba wanda ya taɓa tare ka da safe ya ce, "Kuɗinka nawa?" Abin da a kan tambaya shi ne barcinka, da jikinka, da mutanen gidanka, da aikinka, da labarin da ke zuciyarka.

Kududdufi da Rijiya

Da fari sai mu rarrabe abu biyu waɗanda mutane su kan gama. Akwai jin daɗi, akwai kuma kwanciyar rai. Jin daɗi shi ne abin da ka kan ji ran da ka sa sabuwar riga, ko ran da aka yanka maka kaza, ko ran da aka yabe ka a gaban jama'a. Wannan ba laifi ba ne, kyautar Allah ce. Amma kamar kududdufi ya ke. Da damina ya kan cika ya batse, yara su yi ta iyo a ciki. Kafin bazara sai ka tarar laka ta tsattsage. Kwanciyar rai kuwa kamar rijiya ce mai ido. Haƙarta da wuya, ba ta kuwa da ban sha'awa daga nesa, amma ita gari ya ke sha sa'anda zafi ya tsananta. Mai hankali ba ya raina kududdufi, gama dabbobinsa na sha a can, da ruwansa kuma ya ke kwaɓa ƙasar gini. Amma ba ya kafa gida don ya ga kududdufi. Sai ya tambaya tukuna, ina rijiya?

To, Kuɗi Fa?

Wani zai ce, "Malam, don ka ƙoshi ka ke wannan magana. Ba ni kuɗi tukuna, ka ga ko raina bai kwanta ba." Akwai gaskiya cikin maganarsa, kada mu raina ta. Uwar da ɗanta ke fama da zazzaɓi, ba ta kuwa da kuɗin magani, ba wa'azin haƙuri ta ke bukata a daren nan ba, magani ta ke bukata. An yi ta gardama a kan ko taimakon kuɗi na gyara zaman matalauci, amma ga abin da aka gwada aka gani. Daga 2011 zuwa 2013 wata ƙungiya mai suna GiveDirectly ta raba kuɗi kyauta ga matalautan gidaje a ƙauyukan yammacin Kenya, ba sharaɗi, kowa ya yi abin da ya ga dama da su. Masana biyu, Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro, suka bi sawun gidajen nan, suka bayyana abin da suka gani a 2016. Abinci ya ƙaru, wasu suka sauke rufin ciyawa suka sa kwano, suka sayi dabbobi, damuwarsu ta ragu, suka ce sun fi jin daɗin zamansu. Ba a kuwa ga shan giya ko taba ya ƙaru ba. Saboda haka kada mai wadata ya ce wa mayunwaci talauci ba kome ba ne. Talauci ciwo ne, aikinmu kuwa mu taimaki juna a fita daga cikinsa.

Amma kuɗi kamar gishiri ne. Miyar da babu shi lami ce, amma wanda ya juye mudu guda a tukunya bai ƙara wa miyarsa daɗi ba. A ƙasar Amurka akwai wata irin caca wadda a kan sayi tikiti a jefa ƙuri'a. A 1978 wani masani, Philip Brickman, tare da abokan aikinsa, suka nemi mutum 22 waɗanda suka ci wannan caca a jihar Ilinoi, bakwai daga cikinsu sun ci dala miliyan guda guda. Suka gwada su da wasu mutane na unguwanninsu waɗanda ba su ci kome ba. Sai suka tarar farin cikinsu kusan ɗaya ne. Abin mamaki kuma, masu cin cacan nan sun rage jin daɗin ƙananan abubuwa, kamar karin kumallo, da hira da aboki, da jin abin dariya. Daga baya, a 2020, an yi wani bincike mafi girma a ƙasar Suwidin, a kan mutum fiye da 3,000. Can an ga waɗanda suka sami kuɗi da yawa sun fi gamsuwa da zamansu har shekaru da dama, tun ba wajen sha'anin biyan bukata ba. Amma murnar yau da kullum da lafiyar zuciya ba su ƙaru wani abin kirki ba. Watau kuɗi ya kan ɗauke wa mutum wata nawaya, amma ba ya haƙa masa rijiya.

Me ya sa haka? Dalili biyu ne. Na fari shi ne sabo. Ka tuna ran da ka sayi kekenka ko babur ɗinka. Makon fari ka kan goge shi safe da yamma, har ka kan leƙa shi da dare. Bayan wata shida ya zama abin hawa kurum, idonka kuwa ya koma kan mota. Haka zuciya ta ke, duk abin da ta samu ta kan mai da shi kamar dā ma nata ne, ta miƙa hannu gaba.

Na biyu shi ne hangen abin wani. Mun san labarin Ahab, Sarkin Isra'ila, wanda ya yi sarauta shekara 22 a Samariya, har ya gina gida da adon hauren giwa. Kusa da fadarsa ta Yezreyel akwai gonar inabi ta wani talaka, Nabot. Sarki ya so ya mai da ita lambu, ya yi tayin musanya ko kuɗi, Nabot ya ƙi, gama gadon iyayensa ce. Sai ga sarki guda ya koma gida ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci, saboda ɗan fili. Ƙarshen abin, aka kafa wa Nabot shaidun zur aka jajjefe shi, gidan Ahab kuma ya jawo wa kansa hukunci. A daren nan na fari, wa ya fi barci, mai fada ko mai gona? Ahab bai rasa kome ba sai wadar zuci. Gaskiyar mutanen dā, kwaɗayi mabuɗin wahala. A zamaninmu kuwa jarabar ta ƙaru, gama dā mutum gidan maƙwabcinsa kaɗai ya ke hange, yanzu kuwa wayar da ke aljihunsa tana nuna masa gidajen duniya duka, kowa ya sa rigarsa ta salla, ba wanda ya nuna bashinsa.

Ina Gida?

In ba a kuɗi rijiyar ta ke ba, ina ta ke? A 1938 likitoci a Jami'ar Harvard ta Amurka suka fara wani aiki mai ban haƙuri. Suka zaɓi samari 268 daga ɗaliban jami'ar, daga baya aka haɗa su da wasu yara 456 daga unguwannin matalauta na birnin Boston, duka 724. Aka yi ta binsu har tsufa. Kowace shekara biyu a kan aika musu da tambayoyi, a kan duba takardunsu na asibiti, a kan ziyarce su a gida. Wasu suka zama likitoci da lauyoyi, wasu magina da ma'aikatan masana'anta, wasu giya ta lalata su, ɗaya kuwa, John Kennedy, ya zama shugaban ƙasar. Masu binciken na fari suka mutu, wasu suka gaje su, aikin ya wuce shekara 80, har aka shigo da matan mutanen da 'ya'yansu.

Me aka samu bayan wannan dogon jira? Robert Waldinger, shugaban aikin na huɗu, ya bayyana cewa abin da ya fi kome riƙe mutanen nan cikin farin ciki da lafiya shi ne kyakkyawan zama da mutane. Da aka koma aka duba yadda su ke suna 'yan shekara 50, don a gane wa zai tsufa da ƙarfinsa, sai aka ga ba awon kitsen da ke cikin jini ne ya fi nuna haka ba. Waɗanda suka fi jin daɗin zamansu da matansu da abokansu suna da shekara 50, su ne suka fi lafiya suna da shekara 80. An kuma ga a cikin ɗaliban nan ba abin da ya kai giya kashe aure. Ba su kaɗai suka ga haka ba. A 2010 wata masaniya, Julianne Holt-Lunstad, ta tattara bincike 148 da aka yi a kan mutum fiye da 300,000, ta tarar masu zumunci mai ƙarfi sun fi masu zaman kaɗaici tsawon rai. Har ma a 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista ta ɗora mata aikin yaƙi da kaɗaici.

Ashe abin da masana suka yi shekara 80 suna aunawa, tsohuwar gidanku ta faɗe shi da kalma uku: mutum rahama ne. Mu a nan muna da wannan dukiya, ba mu san darajarta ba. Gayya, da adashi, da gaisuwar mara lafiya, da zaman makoki, da taron Zumuntar Mata, da tuwon da a kan aika wa maƙwabci, duk igiyoyin guga ne. Amma sai mu yi hankali, gama igiya ta kan tsinke. Saurayin da ya tafi birni ya shekara uku bai leƙa gida ba, yana cewa sai ya tara tukuna, bai san yana sayar da rijiya don ya sayi kududdufi ba. Zumunta a ƙafa ta ke.

Kada kuwa mu ruɗi kanmu da yawan jama'a. Masanan nan sun ce ba yawan mutane ne abin ba, irin zaman ne. Akwai gida mai mutum ashirin, amma wa da ƙane sun shekara ba su ga maciji saboda iyakar gona; miji da mata suna ci daga tukunya ɗaya, amma ba mai faɗa wa wani abin da ke damunsa. Irin wannan gida kaɗaici ne mai hayaniya. Mai riƙon gaba kuwa kamar wanda ya jefa mushe ne a rijiyar da shi kansa ya ke sha. Don haka gafara ba alheri ba ce ga wanda ya yi maka laifi kaɗai, yasar rijiyarka ce.

Ina Aiki? Aiki da Godiya

Abu na biyu shi ne mutum ya san yana da amfani ga wani. Ka dubi tsohon da 'ya'yansa suka ce ya huta, suka karɓe fartanya, suka daina neman shawararsa. Yana ci yana sha, amma sai ka ga yana ramewa. Ran da aka kawo masa jika ya koya masa tufka, sai fuskarsa ta sake.

A 2008 wata masaniya a Kanada, Elizabeth Dunn, da abokan aikinta suka yi wani ɗan gwaji. Da safe suka ba mutum 46 ambulan, wasu da dala 5 a ciki, wasu da dala 20. Aka ce wa wasu su kashe a kan kansu kafin yamma, wasu kuma su kashe a kan wani. Da yamma aka tambaye su. Waɗanda suka yi wa wani alheri su ne suka fi farin ciki, yawan kuɗin kuwa bai sake kome ba. Daga baya aka duba amsoshin mutane daga ƙasashe 136, aka ga a mafi yawansu, masu arziki da matalauta, bayarwa da farin ciki tare su ke tafiya. Hausawa sun riga sun ce alheri gadon barci ne.

Ka lura kuma da amsar da mu kan bayar: aiki da godiya. Godiya ita ce maganin sabo da hangen da muka ambata. Sabo ya kan makantar da mutum ga abin da ke hannunsa, godiya ta kan buɗe masa ido. Wanda ya saba ƙidaya abin da Allah ya yi masa kafin ya kwanta, ko da uku ne, ba zai sami lokacin ƙidaya shanun maƙwabcinsa ba.

Ran da Labari Ba Alheri Ba Ne

Saura tambaya mafi wuya. Mutane su kan mutu, aiki ya kan ƙare, lafiya ta kan tafi. In kwanciyar rai a kansu kaɗai ta ke, ashe ita ma kududdufi ce, babba dai.

Viktor Frankl likita ne Bayahude na birnin Viyana. Daga 1942 zuwa 1945 yana tsare a sansanonin azaba na Hitila. Ubansa da uwarsa da ɗan'uwansa da matarsa duk a irin wuraren nan suka mutu. A littafin da ya rubuta a 1946 ya ba da labarin fursunoni biyu waɗanda suka fid da zuciya, suna so su kashe kansu. Abin da ya tsai da su shi ne da suka tuna akwai abin da ke jiransu: ɗaya yana da ɗa a wata ƙasa, ɗayan kuwa masani ne mai littattafai da bai gama rubutawa ba. Frankl ya ga mutum ya kan jimre wa azaba mai tsanani in ya san dalilin da ya sa ya ke raye.

Mu masu bi mun san inda idon rijiyarmu ya ke. Manzo Bulus yana ɗaure da sarƙa sa'anda ya rubuta wa ikilisiyar Filibi, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba, duk da haka ya ambaci farin ciki fiye da sau goma a 'yar wasiƙar nan. Ya gaya musu wadar zuci koyonta ya yi, cikin ƙoshi da cikin yunwa. In kuwa abin koyo ce, ni da kai muna iya koyonta. Ya jingina ransa ga Almasihu, wanda sarƙa ba ta iya raba shi da shi. Amma ka lura, a wasiƙar nan kuma ya gode musu saboda gudummawar da suka aiko masa. Allah ya kan ta'azantar da mu, sau da yawa kuwa ta hannun 'yan'uwa ya ke yi.

Kada dai wani ya ɗauka mai bi ba ya baƙin ciki. Annabi Iliya ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya ba shi sabon aiki, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya. Ka gani? Barci, da jiki, da aiki, da mutane, abubuwan nan da mu ke tambaya a gaisuwa. In ɗan'uwa ya yi makonni ba ya barci, ba ya son abinci, ba abin da ke ba shi sha'awa, kada mu ce rashin bangaskiya ne. Akwai ciwon damuwa, ciwo ne kamar sauran, yana kuwa da magani. Mu yi addu'a tare da shi, mu kuma raka shi wurin likita.

Abin da Za Ka Yi

Ba a haƙa rijiya rana ɗaya, ba a kuwa fara haƙarta ran da ƙishi ya zo. A makon nan ka taka ka gai da wanda ka daɗe ba ka gani ba. In akwai wanda ku ke gaba, kada ka jira shi, kai ka fara yin sallama. Ka yi wa wani alherin da ba zai iya rama maka ba. Ka nemi abincinka da guminka, ka gode a kan wanda ka samu, ka bar gonar Nabot ga Nabot. Ka danƙa sauran ga Ubangiji kafin ka kwanta.

Gobe da safe kuma, in ka ce wa maƙwabcinka, "Ina gida?" kada ka wuce da sauri. Ka ɗan tsaya ka dubi fuskarsa, ka saurari amsar. Watakila shi ma bai runtsa ba.